Tafiyar Mota da Yara a Gaɓar Teku Lokacin Hutun Bazara: Amsa ga Wani Magidanci

Wani magidanci ya aiko da tambaya cewa shi da maiɗakinsa suna shirin ɗaukar 'ya'yansu uku, mai shekara tara da mai shekara biyar da ƙaramarsu mai wata goma, su bi hanyar gaɓar teku da mota a hutun bazara. Kwana goma suke da su, nisan da suka auna a taswira ya kai kilomita 2,400 zuwa da dawowa, kuma sun jera wurare goma sha ɗaya da suke son tsayawa. Yana son sanin ko wannan tsari zai yiwu, da kuma abin da ya fi kamata su kula da shi.

Malam, motarka za ta iya wannan tafiya, kai ma za ka iya da ƙyar, amma yaran ba za su iya ba, kuma su ne ya kamata a yi lissafin da su. Na daɗe ina tsara wa iyalai irin wannan tafiya, na kuma yi ta da nawa iyalin, kuma kuskuren da na fi gani shi ne wanda ke cikin tambayarka, wato auna tafiya da kilomita. Hanyar gaɓar teku da sa'o'i ake auna ta, sa'o'in ma iri biyu ne: akwai waɗanda yaro zai iya jurewa a ɗaure cikin kujera, akwai kuma na teku da kansa, wanda ke cika yana janyewa ba tare da ya duba jadawalin kowa ba.

Idan ka raba kilomita 2,400 gida goma, kowace rana za ta samu 240, wanda a babbar hanya miƙaƙƙiya bai wuce tuƙin sa'a biyu da rabi zuwa uku ba. Sai dai hanyar gaɓa tana bin lanƙwasar ƙasa ne, tana hawa tudu tana gangarowa, tana ratsa tsakiyar ƙananan garuruwa inda dole a rage gudu, kuma a lokacin hutu kowa ita yake bi. A abin da na saba gani, wanda ya samu matsakaicin gudun kilomita 45 a sa'a a irin wannan hanya ya yi sa'a. Da wannan lissafi, kilomita 240 sun zama tuƙin fiye da sa'a biyar, ba a sa tsayawar cin abinci ba, ba a sa canza wa jaririya ƙunzugu ba, ba a sa neman wurin ajiye mota ba, wanda shi kaɗai a garin bakin teku da tsakar rana yakan ci rabin sa'a. Ka ga ke nan kowace rana za ku bar masauki da safe ku isa wani da yamma, kuna hango tekun ta gilashi kawai, alhali shi kuka fito nema.

Shawarata ita ce ku rage nisan tafiyar, ku kuma rage wuraren nan goma sha ɗaya zuwa huɗu, ku riƙa kwana biyu a kowanne, sannan tuƙin ranar tashi kada ya wuce sa'a uku. Idan akwai babbar hanya ta cikin ƙasa da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da gaɓar, ku bi gaɓa wajen zuwa lokacin da kowa ke da ɗoki, ku dawo ta babbar hanyar lokacin da kowa ya gaji. Ku bar kwana ɗaya wanda ba a rubuta masa komai ba, domin za ku buƙace shi, ko saboda zazzaɓin yaro, ko ruwan sama, ko hanyar da aka rufe sakamakon zaftarewar ƙasa, abin da ba baƙo ba ne a hanyoyin da aka sara a jikin duwatsun gaɓa. Kwana biyu a wuri ɗaya yana da wani amfani da iyaye ba su cika lura da shi ba: yaro ƙarami yakan yi barci mara daɗi a daren farko a baƙon ɗaki, sai a dare na biyu jikinsa ke sakewa, don haka wanda ke sauya masauki kullum daren farko yake ta maimaitawa har tafiyar ta ƙare.

Game da lokacin tashi, na fi son a kama hanya da sassafe, yara na cikin magagin barci, a isa kafin rana ta take. Ba na goyon bayan tuƙin dare don a ribaci barcin yara, domin direban da ya yini yana ɗawainiya a bakin ruwa ba shi da sauran ƙarfin da zai bi hanya mai kwana-kwana cikin duhu, kuma motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, gyangyaɗi ɗaya ya isa. Ƙa'idar da hukumomin kiyaye haɗurra suka saba bayarwa ita ce hutun aƙalla minti 15 bayan kowane tuƙin sa'a biyu, kuma ta zo daidai da shawarar da ake ba iyayen jarirai, cewa kada jariri ya wuce kimanin sa'a biyu a jere cikin kujerar mota. Idan an tsaya, a fito da kowa, a shimfiɗa wa jaririyar zane ta miƙe ta yi rarrafe, manyan kuma a bar su su yi guje-guje a wurin da ba motoci.

Batun kujerar yara ba abin sassauci ba ne. Karo a gudun kilomita 50 kacal a sa'a daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita goma, kuma babu hannun uwa da zai iya riƙe jariri a irin wannan yanayi, komai ƙarfin ƙaunarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce amfani da kujerar da ta dace yana rage mutuwar jarirai a haɗarin mota da abin da ya kai kashi 71 cikin ɗari. 'Yarka mai wata goma za ta zauna a kujerar da ke fuskantar baya, kuma ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 129, wadda ƙasashe da yawa ke bi, ta sa wata 15 a matsayin mafi ƙarancin lokacin da za a juya yaro ya fuskanci gaba, ko da yake jinkirtawa ya fi alheri. Kada a taɓa ɗora irin wannan kujera a gaban mota muddin jakar iskar da ke fashewa lokacin karo tana aiki. Mai shekara biyar yana buƙatar kujerarsa, shi ma mai shekara tara ka auna tsayinsa kafin ka yanke cewa ya girma, domin bel ɗin mota don jikin babba aka yi shi. A Birtaniya doka ta sa santimita 135, a Jamus kuwa 150, kuma abin dubawa shi ne bel ya bi ta kafaɗa da ƙugu, kada ya bi ta wuya da ciki. Ka gwada jera kujerun uku a bayan motar tun mako guda kafin tafiya, saboda ba kowace mota ke ɗaukarsu ba, kuma safiyar tashi ba lokacin gano hakan ba ne.

Tunda hanyar mai lanƙwasa ce, ka sa ran amai. Jiri da tashin zuciya a mota sun fi kama yara daga shekara biyu zuwa goma sha biyu, wato manyan naka biyu, kuma dalilinsa shi ne cikin kunne yana shaida wa ƙwaƙwalwa cewa jiki na juyawa, ido kuma da ke kallon littafi ko waya yana cewa a tsaye ake. Maganinsa na farko shi ne a sa idon ya ga abin da kunnen ke ji: a ajiye waya da littafi a wuraren kwana, yaro ya riƙa kallon nesa ta gilashin gaba, a bar iska ta shigo, a ci abinci mara maiƙo kaɗan-kaɗan. Salon tuƙi ma yana da tasiri fiye da yadda direbobi ke son amincewa, domin taka birki a tsakiyar kwana da fizgar mota bayan an fita su ne ke juya cikin yaro. Alamar da na koya daga ɗana ita ce shiru. Yaron da ke ta surutu, sai ka ji ya yi tsit, ka duba madubi ka ga yana hamma yana haɗiyar yawu, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Daga wannan lokaci minti biyu ko uku ne kawai suka rage maka, kuma a ranar da na ce masa ya daure mu kai gari na gaba, mun ƙarasa yinin ne muna wanke kujera da ruwan gora a gefen hanya. Ka ajiye leda da tawul da kayan canji a inda hannu zai kai, kada su kasance a ƙasan kaya cikin but. Idan kana son maganin hana amai, ka tambayi likita ko mai harhaɗa magani tun a gida, saboda wasu ba a ba ƙananan yara, yawancinsu kuma sai an sha kafin a tashi suke aiki.

Ita motar, abin da take buƙata sananne ne: bakanike ya duba birki da ruwan lagireto da baƙin mai da batir da na'urar sanyaya ciki, a auna iskar tayoyi da safe kafin su yi zafi bisa adadin da kamfani ya rubuta na mota mai cike da kaya, a tabbatar safaya tana da iska kuma jak yana aiki. A gangare mai tsawo a sauko da ƙaramar giya don kada birki ya yi zafi ya saki. Kada ka shiga da ita cikin rairayi, kuma bayan an dawo a wanke ƙarƙashinta, domin gishiri yana cin ƙarfe.

Akwai haɗari ɗaya da ke faruwa lokacin da motar ke tsaye, kuma ina so ka ɗauke shi da muhimmanci fiye da duk abin da na faɗa a baya. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2005 ya nuna cewa zafin cikin motar da aka rufe a rana yana ƙaruwa da kimanin digiri 22 a ma'aunin Salshiyas cikin sa'a ɗaya, mafi yawansa a rabin sa'ar farko, kuma sassauta gilashi kaɗan bai sauya komai ba. Jikin ƙaramin yaro yana ɗaukar zafi ninki uku zuwa biyar fiye da na babba. Iyayen da wannan musiba ke faɗa wa yawanci ba sakarkaru ba ne; an iso ne a gajiye, manyan yara sun ɓalle da gudu sun nufi ruwa, uba ya bi su, uwa tana sauke kaya, kowa yana zaton jaririyar da ke barci tana hannun ɗayan. Saboda haka ku yi yarjejeniya kai da uwargida cewa jaririya ce ake fara fitarwa kafin kowace jaka, kuma wanda ya ɗauke ta ya faɗa da baki. Bayan an fita a kulle motar, a ɓoye makulli, don kada mai shekara biyar ya koma ciki neman abin wasa ƙofa ta rufe da shi.

Yanzu sai teku. A mafi yawan gaɓoɓin duniya ruwa yana cika sau biyu yana janyewa sau biyu cikin sa'a 24 da minti 50, wato kimanin sa'a shida da 'yan mintuna tsakanin janyewa da cika, kuma kowace rana lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. Jan wata ne mafi girman sanadinsa, shi ya sa cikar ta fi yawa a kwanakin tsayuwar wata da na cikarsa. Girman bambancin ya danganta da wuri: a yawancin gaɓar Bahar Rum bai kai rabin mita ba, a mashigin Fandi na Kanada kuwa yana kai mita 16, kuma a yammacin Faransa akwai hanyar mota mai tsawon kilomita huɗu da ɗoriya, mai suna Passage du Gois, wadda ruwa ke shanyewa sau biyu a kowace rana. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne ruwan ba ya tahowa da gudu ɗaya. A sa'ar farko da ƙyar za ka lura da shi, amma kusan rabin dukan cikar a sa'a ta uku da ta huɗu yake zuwa. Na taɓa shimfiɗa tabarma a wani lungu tsakanin duwatsu biyu, ruwa yana can nesa har yara na ƙorafin tafiya, muka shagala da tonon ƙananan kaguwa a kududdufan da ya bari. Da na ɗaga kai, hanyar da muka bi muka shigo ta zama ruwa iya gwiwa, takalman yara na yawo a kai, sai a kafaɗa na fito da su ɗaya bayan ɗaya. Jadawalin cika da janyewa ana samunsa kyauta a intanet, galibi kuma ana liƙa shi a mashigar bakin ruwa. Ka duba shi kowane dare, ka tsara gobe a kansa. Lokacin da ya fi dacewa da ƙananan yara shi ne sa'o'i biyu kafin ƙarshen janyewa, lokacin da fili ke ƙara buɗewa kuma ruwa baya yake yi.

Abu na biyu shi ne ruwa mai ja. Igiyoyi suna tara ruwa a bakin gaɓa, shi kuma sai ya nemi wata 'yar kafa tsakanin tudun rairayin da ke ƙarƙashi ya koma ciki da ƙarfi kamar rafi, wani lokaci da gudun da ya kai mita biyu da rabi a daƙiƙa, wanda ya fi na gwanayen ninƙaya na duniya. Ƙungiyar masu ceto ta Amurka ta ce fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanen da ake cetowa a gaɓoɓi masu igiya wannan ruwa ne ya ja su. Muguntarsa ita ce wurin da yake ya fi ko'ina kama da wurin lafiya: igiya ba ta fashewa a nan, ruwan ya yi duhu ya kwanta, sai uba mai neman inda ya fi sauƙi ya kai 'ya'yansa daidai bakinsa. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawa da shi yana neman komawa gaɓa kai tsaye. Ya kwanta a bayansa ya yi yawo a kan ruwa, ya ɗaga hannu ya yi kira, idan kuma ya iya ninƙaya ya bi gefe, a jere da gaɓa, har ya fita daga cikinsa, tunda yawanci siriri ne. Ka koya wa mai shekara tara wannan tun a gida. Mafi sauƙi dai shi ne ku zaɓi bakin ruwan da ke da masu ceto, ku tsaya tsakanin tutoci masu launin ja da rawaya inda ake amfani da su, idan kuma aka kafa jar tuta zalla, ranar ta wasan rairayi ce kawai.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Yaron da ke nutsewa ba ya ihu ba ya fantsama ruwa, domin bakinsa yana neman numfashi ne, kuma abin yakan ƙare cikin ƙasa da minti ɗaya ko biyu. Ku biyu ne manya, yara uku, don haka lissafin bai cika ba sai da tsari: ɗaya yana tare da jaririya a inuwa, ɗayan yana cikin ruwa da manyan, kusa da mai shekara biyar yadda hannu zai kai gare shi, ba waya a hannunsa. Idan za a yi canji a faɗa a fili, a ji amsa. Kada ka ɗora wa mai shekara tara tsaron ƙaninsa, shi ma abin tsaro ne. Robobin da ake hurawa, masu siffar agwagwa ko katifa, kayan wasan kwamin wanka ne, a teku kuwa iskar da ke busowa daga tudu tana iya tafiya da su da yaron da ke kai cikin 'yan mintuna. Idan za a hau kwalekwale, rigar ceto daidai jikin kowane yaro ake sa wa, a ɗaure ta. Ramin rairayi ma kada a bari ya wuce gwiwar ƙaramin cikinsu, domin yana ruftawa ba gargaɗi.

Rana a bakin teku ta fi yadda jiki ke ji, saboda iska tana sanyaya fata yayin da hasken ke ƙona ta, rairayi da kumfar ruwa suna mayar da wani kaso nasa sama, kuma siririn gajimare ba ya tare mafi yawansa. Duhun fata yana rage ƙuna amma bai hana ta ba, bai kuma hana bushewar jiki ko kaɗan. Daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma ne hasken ya fi ƙarfi, shi ya sa nake raba yinin gida biyu, ruwa da safe da kuma la'asar, tsakiyar rana kuwa abinci da barci a masauki. A shafa man kariya mai lambar SPF 30 ko sama, a maimaita bayan kowace sa'a biyu da kuma bayan an fito daga ruwa, a sa riga mai dogon hannu da hula mai faɗin baki. Jaririyar ta wuce wata shida, don haka ana iya shafa mata, amma inuwa ce kariyarta ta gaskiya, kuma kada a lulluɓe kekenta da mayafi don a yi mata inuwa, domin hakan yana tara zafi a ciki. A ƙara mata shayarwa, manyan kuma a riƙa miƙa musu ruwa ba sai sun nema ba. Fitsarin da ya yi duhu ko ya ragu, da ƙunzugun da ya daɗe a bushe, su ne alamun farko, kuma yana da kyau a riƙe 'yan ƙunshin gishiri da sukari na zawo a akwatin magani. Yaron da jikinsa ya yi zafi ƙwarai, ya rikice ko ya kasa farkawa sosai, a kai shi inuwa a jiƙa shi da ruwa a kira agajin gaggawa nan take. Abincin da ke lalacewa kuwa kada ya wuce sa'a biyu a wajen akwatin ƙanƙara, ko sa'a ɗaya idan zafi ya haura digiri 32.

Kafin ka goge wurare bakwai daga jerin nan, ka zaunar da manyan yaran biyu ka ba kowannensu damar zaɓen abu ɗaya da ba za a taɓa ba, ko hasumiyar fitilar jiragen ruwa ce, ko tashar masunta da safe lokacin da ake sauke kamu. Sauran kuma ka tace su da tambayoyi uku: akwai masu ceto a bakin ruwan, akwai inuwa da banɗaki kusa, kuma minti nawa ne daga masauki zuwa asibiti mafi kusa. Ka sauke taswirar yankin a wayarka tun kana da intanet, saboda sabis yakan ɗauke a ƙarƙashin duwatsun gaɓa, ka rubuta lambar agajin gaggawa ta ƙasar a takarda, sannan kowace safiya ka ɗauki hoton yaran da kayan da ke jikinsu, domin idan ɗaya ya ɓace a cikin taro, hoton ranar ne masu ceto za su fara tambayarka.